Akwatin Baba cike da takardun ƙungiya: in ƙona ko in ajiye?

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowa, kuma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: takardun da ƙungiyoyin ma'aikatan gidan waya suka bari, da yadda za a karanta tarihin gwagwarmayar ƙwadago a cikinsu. Ta farkon ce ta fi taɓa zuciyata, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu a bana. Ya yi sama da shekara talatin yana aikin gidan waya, ya fara da raba wasiƙu, ya ƙare a ɗakin da ake tantance su, kuma ya daɗe yana sakataren reshen ƙungiyarsu. Da muka zo gyara ɗakinsa sai muka tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafai uku da ya riƙa rubuta abin da aka tattauna a taro, da littafin karɓar kuɗin ƙungiya, da rasidai, da takardun koke, da wasiƙun hedikwata, da hotuna. Yayyena sun ce tarkace ne, a ƙona, tunda babu takardar gida ko ta fansho a ciki. Ni kuwa zuciyata ta ƙi, amma da suka tambaye ni amfaninsu na rasa abin cewa. Malam, suna da wani amfani? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Kada a ƙona ko da falle ɗaya. Ki tashi yanzu ki ɗaga akwatin nan daga ƙasa, ki ɗora shi a kan tebur ko kanta, nesa da bango, sannan ki dawo mu ci gaba.

Ban ga laifin yayyenki ba. Duk wanda bai saba da aikin tonon tsofaffin takardu ba, in ya ga rasidin da tawadarsa ta koɗe, shara zai gani. Ga abin da za ki gaya musu. Tarihin kowace ƙungiyar ma'aikata hannu uku ne ke rubuta shi. Akwai hannun hukuma, wato ma'aikatar da ke biyan albashi, tana da akawu da fayil da ɗakin ajiya. Akwai hannun hedikwatar ƙungiya, ita ma tana da ofis da durowa. Na ukun shi ne hannun reshe, mutum irin Baba, wanda bayan ya wuni a tsaye yana ware wasiƙu zai zauna da daddare ya rubuta wa ya ce me a taro. Shi ba shi da ɗakin ajiya, akwatin nan shi ne ɗakin ajiyarsa. Biyun farko takardunsu kan tsira. Na ukun kuwa yawanci a ranar gyaran ɗakin mamaci suke ƙarewa, shi ya sa masu bincike suka fi nemansu kuma suka fi rasa su.

Bari in ba ki misalin da zai nuna miki nauyin takardun reshe. A ranar 17 ga Maris 1970, masu raba wasiƙu na reshe mai lamba 36 na NALC, ƙungiyar masu raba wasiƙu ta ƙasa, suka taru a birnin New York na Amurka suka kaɗa ƙuri'a a kan tafiya yajin aiki. Mutum 1,555 suka ce a tafi, 1,055 suka ce a'a. A lokacin doka ta haramta wa ma'aikacin gwamnatin tarayya yajin aiki. Shugaban ƙungiyar na ƙasa, James Rademacher, bai goyi bayan yajin ba, haka shugabannin reshen kansu. Abin da ya kai mutanen bango shi ne sabon ma'aikaci yana farawa da dala dubu shida da 'yan kai a shekara, kuma sai ya yi shekara 21 kafin ya kai ƙololuwar albashi, wadda ba ta kai dala 8,500 ba. A shekarar da ta gabaci wannan kuwa 'yan majalisar ƙasar sun ƙara wa kansu albashi da kashi 41 cikin ɗari. Washegari aka ajiye aiki, kafin a ankara ma'aikata wajen 200,000 sun bi sahu a birane da dama. Ranar 23 ga wata Shugaba Nixon ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya tura sojoji New York su yi aikin wasiƙu. Yajin kwana takwas ya yi. Bayansa aka yi ƙarin kashi 6, aka sake ƙara kashi 8 a dokar da aka sa wa hannu a watan Agusta na shekarar, aka rage shekara 21 ɗin nan zuwa 8, ƙungiyoyin kuma suka sami ikon zama da hukuma su yi cinikin albashi.

To, 'yar'uwa, in da fayil ɗin gwamnati kaɗai ya rage, me za mu sani? Za mu san an karya doka an tura soja. In da takardun hedikwata kaɗai suka rage, za mu ga shugabanni suna roƙon a koma aiki. Amma yadda aka yi mutanen da babu mai muƙami a cikinsu suka rinjayi shugabanninsu, wa ya fara miƙewa a taro, sau nawa aka kawo maganar aka kayar kafin ta ci, wannan sai a takardun reshe da bakin waɗanda suka halarta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ja gaba a wannan reshe, Vincent Sombrotto, mai raba wasiƙu ne kawai a lokacin, a 1978 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar na ƙasa baki ɗaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma littattafan Baba bakin masu waƙar ne.

Littafin karɓar kuɗin ƙungiyar nan da kika ambata a tsakiyar lissafi kamar ba komai ba, ni shi zan fara buɗewa. Wasu iyalai sun taɓa ba ni irinsa in duba, na mahaifinsu wanda ya riƙe ma'ajin reshe. Sunaye a jere ta hagu, watanni a sama, kowane gida da 'yar alamar an biya. Shafi bayan shafi haka yake, har na kusa rufewa. Sai na iso inda gidajen wata biyu suke fayau babu alama ko ɗaya, daga sama har ƙasa. A shafin da ke biye, an ja layi a kan wasu sunaye, a gefe an rubuta da fensir, wannan an kore shi, wannan an yi masa canjin wurin aiki. Can ƙasa kuma, da wata tawada daban, ga ɗan lissafin karo-karo da aka yi wa iyalin ɗaya daga cikin waɗanda aka kora, kowa da abin da ya iya bayarwa, har da wanda aka rubuta zai kawo ƙarshen wata. Na daɗe ina kallon wannan shafi. Ma'ajin bai zauna don ya rubuta tarihi ba, lissafinsa yake tsarewa, amma ya bar mana tsawon yajin, da waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa, da yadda abokan aiki suka riƙe juna. Ɗiyarsa da ke zaune kusa da ni ta ce ta tuna watannin, domin a lokacin ne aka daina ba su kuɗin tara, ba ta taɓa sanin dalili ba sai ran nan.

Yanzu ga aikin da ke gabanki. Kada ki sake wa takardun tsari. Yadda Baba ya haɗa su a ɗaure, da abin da ya sa a cikin wane ambulan, shi ma bayani ne, domin wasiƙar da ya cusa a tsakiyar littafin taro tana da alaƙa da taron wannan shafi. Ki samu littafi sabo ki rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: littafin taro, daga shekara kaza zuwa kaza, shafi kaza. Allurai da ƙusoshin sitefila da suka yi tsatsa ki cire su a hankali, ki naɗe takardun da suka riƙe a cikin farar takarda don kada su rabu. Inda ya yage ki bar shi a yage, kada ki manna salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. Kada kuma wani ya ba ki shawarar a yi musu laminatin. Na ga takardu masu daraja da aka kashe da wannan gatan, zafi da roba sun kama su, babu mai iya fitar da su kuma. Leda ma ba ta da kyau, tana tara gumi. Abokan gabanki su ne ɗanshi da gara da ɓera da hasken rana. In za ki yi rubutu a bayan hoto, da fensir mai laushi za ki yi.

Hotunan nan su ne abin gaggawa. Takarda za ta iya jira shekara goma, amma tsohon da zai dubi hoto ya ce wannan wane ne, wancan shi ne ma'ajinmu, a ranar kaza aka ɗauka, shi ba zai jira ba. Ki nemi abokan aikin Baba da suka rage, ki kai musu hotunan da littafin taro, ki nemi izininsu ki kunna rikoda a wayarki. Ki ɗauki hoton kowane shafi kuma, har da bangon littafi da shafukan da ba a rubuta komai ba a tsakiya, ki ajiye kwafi a wuri biyu. Sai dai hoton waya ba ya maye gurbin asali. Waya kan ɓace, kwamfuta kan mutu, takardar da aka kula da ita kuwa takan haura shekara ɗari.

Akwai wata magana da ya kamata in faɗa miki ko da ba za ta yi daɗi ba. Littattafan taro da na kuɗi, a ƙa'ida, na ƙungiya ne, amana ce aka ba Baba a matsayinsa na sakatare. Wasiƙunsa na kansa da hotunansa da katinsa su ne naku. Don haka ki sanar da reshen in yana nan, ko ƙungiyar da ta gaje shi in an yi haɗaka. Amma kada ki miƙa akwatin ga wanda zai jefa shi a sito. Abin da ya fi shi ne ku haɗu ku kai shi gidan adana takardun tarihi ko ɗakin karatun wata jami'a da ke da sashen ajiye irin waɗannan. Haka manyan ƙungiyoyi suke yi. Takardun ƙungiyar NALC suna ɗakin karatu na Walter Reuther a Jami'ar Wayne State da ke Detroit. Na tsohuwar ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta Birtaniya, UPW, suna cibiyar adana takardun zamani ta Jami'ar Warwick, wadda aka kafa a 1973. In kun je, ki tambaya kyauta za ku bayar ko ajiya, domin a kyauta mallaka ta koma hannunsu, a ajiya kuwa tana hannunku. Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta yarjejeniya, a ba ku kwafinta da jerin abin da aka karɓa, a kuma sa sunan Baba a kan tarin.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne a jami'a, ina rubuta kundin kammala karatu a kan gwagwarmayar ma'aikatan gidan waya da tangaraho a zamanin mulkin mallakar Birtaniya. Duk abin da na samu fayilolin gwamnati ne, kuma a cikinsu ana kiran ma'aikatan masu tayar da fitina. Zan iya dogara da su? Ina kuma zan ƙara dubawa?

Amsa: Ɗana, za ka iya amfani da su, kuma dole ma ka yi, sai dai ka san wanda ya rubuta su da wanda ya rubuta wa. Jami'in da ke aika rahoto ga na gaba da shi yana da buƙatar ya nuna laifin ba nasa ba ne, don haka zai ce ma'aikata lafiya suke zaune, wasu 'yan tsiraru ne suka zuga su. Wannan hukuncinsa ne, ka ajiye shi gefe. Abin da za ka ɗauka shi ne kwanan wata, da sunayen ofisoshin da aka rufe, da jadawalin albashi, da yawan waɗanda aka ba takardar tuhuma. Sannan ka riƙa juya fayil har ƙarshensa, domin sau da yawa takardar koken da ma'aikatan suka rubuta da hannunsu tana maƙale a bayan rahoton da aka yi a kanta, da sa hannunsu a jere. Yawancin muryar ma'aikatan wancan zamani da ta iso mana ta wannan hanya ta tsira, a cikin fayil ɗin wanda suke ƙara.

Ɗauki yajin aikin gama-gari na Najeriya a 1945. Ya fara a ƙarshen watan Yuni, ya haura kwana 40, kuma tushensa neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa ne bayan yaƙin duniya na biyu ya sa kaya sun yi tashin gwauron zabi. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka ja gaba, na gidan waya da tangaraho suna cikin waɗanda suka bi. A nan ma wasu shugabanni sun so a ɗage, Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa, da talakawan ma'aikata suka ƙi. Gwamnati ta dakatar da jaridun West African Pilot da Daily Comet a lokacin yajin, daga baya ta kafa kwamitin Tudor Davies, wanda rahotonsa na 1946 ya ba da shawarar a ƙara kuɗin. Ka ga a wannan al'amari guda kana da kafa huɗu: wasiƙun gwamna da ofishin mulkin mallaka, waɗanda ke gidan adana takardu na Birtaniya a Kew ƙarƙashin jerin CO 583, da fayilolin cikin gida a ma'adanar ƙasa ta Ibadan da Enugu da Kaduna, da jaridun lokacin, da rahoton kwamitin. Ka jera su ka ga inda suka saɓa. Inda suka saɓa ɗin nan ne kundinka yake.

Ka kuma riƙe a ranka cewa abin da ke kan kanta ba shi ne duk abin da aka rubuta ba. Da mulkin mallaka ya zo ƙarshe, a ƙasashe da yawa an ƙona wasu fayiloli, an kwashe wasu zuwa Ingila an ɓoye. Sai a 2011, sanadiyyar ƙarar da wasu tsofaffin 'yan Kenya suka shigar, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da su. Yanzu suna Kew a jerin FCO 141.

Kada kuma ka ɗauka takardun ƙungiya su ne gaskiya tsantsa. Su ma suna da abin da suke rufewa. A Amurka, ƙungiyar ma'aikatan da ke tantance wasiƙu a cikin jirgin ƙasa ta hana baƙaƙen fata shiga cikinta tun 1911. Saboda haka a watan Oktoba 1913 baƙaƙen ma'aikatan suka taru a Chattanooga ta jihar Tennessee suka kafa tasu, a daidai lokacin da gwamnatin Woodrow Wilson ke raba farare da baƙaƙe a ofisoshin gwamnati. Wanda ya karanta takardun ƙungiyar farko kaɗai zai rubuta tarihin da babu waɗannan mutane a ciki, kuma ba zai san ya bar kowa ba. Duk littafin taron da ka buɗe ka tambayi kanka wa ba ya ɗakin. Mata? Ma'aikatan wucin gadi? Masinjoji da leburori? In sunayensu suna jadawalin albashi amma babu su a rajistar ƙungiya, ka sami babi guda.

Ga waɗanda aka fi mantawa da su: mujallun ƙungiya da takardun da take rabawa, rahoton babban taro na shekara, rajistar ƙungiyoyin ƙwadago, wadda a Najeriya ta samo asali daga dokar 1938, da littattafan ɗaukar ma'aikata da na fansho na ita hukumar gidan waya. Domin alaƙar ƙungiyoyi da takwarorinsu na ƙetare, ka duba kundin cibiyar tarihin zamantakewa ta Amsterdam, wadda ke tara irin waɗannan takardu tun 1935, da na Hukumar Ƙwadago ta Duniya a Geneva. Jerin abin da suke da shi yana intanet. Ka yi bincike da tsohon sunan ƙungiya, domin ƙungiyoyin nan suna yawan haɗewa su sake suna. UPW ta Birtaniya yanzu tana cikin ƙungiyar ma'aikatan sadarwa, CWU, da aka kafa a 1995, ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta Amurka, APWU, kuwa ƙungiyoyi biyar ne suka narke suka haife ta a 1971. Kuma tun ranar farko ka riƙa rubuta lambar kowane fayil da ka taɓa. Wanda ya ce zai tuna, ba zai tuna ba.

Tambaya: Malam, me ya sa ma'aikatan gidan waya suke yawan fitowa a tarihin ƙwadago, alhali aikinsu bai kai na ma'adinai ko jirgin ƙasa haɗari ba?

Amsa: Malam, a ganina dalili uku ne suka haɗu. Aikin ba ya yiwuwa sai da karatu da rubutu, don haka sun iya rubuta koke kuma sun iya ajiye kwafi. Suna ko'ina a ƙasa, kuma aikinsu shi ne isar da saƙo, labarin abin da ya faru a wani reshe ba ya kwana bai isa wani ba. Na uku, mai biyansu albashi gwamnati ce, wadda ita ke yin doka, shi ya sa faɗansu kan zama faɗan neman 'yancin magana. A 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya hana ma'aikatan gwamnatin Amurka kai kukan albashi majalisa, sai a 1912 doka ta ɗage hanin. A Birtaniya dokar 1927 ta tilasta wa ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati ficewa daga uwar ƙungiyar ƙwadago, har zuwa 1946. Babban yajin da ya tsayar da Faransa a watan Agusta 1953 daga ma'aikatan gidan waya na Bordeaux ya faro. A Kanada kuwa, ƙungiyar ma'aikatan gidan waya, CUPW, ta yi yajin kwana 42 a 1981 ta samo wa mata hutun haihuwa na mako 17 da biya. Batun haɗari kuma, ka tambayi gwiwoyi da bayan wanda ya yi shekara talatin yana saɓe da jakar wasiƙu.

Tambaya: Malam, ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, na yi ritaya da daɗewa. Littafin reshenmu yana hannuna kuma ina so in bayar a adana. Damuwata ita ce a ciki akwai shafi biyu da muka rubuta sunayen waɗanda suka koma aiki muna tsakiyar yaji. Yawancinsu sun rasu, 'ya'yansu suna nan, wasu ma muna zumunci. Ina tunanin in yage shafukan kafin in bayar.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan tambaya ta nuna irin zuciyarku, kuma na fahimci nauyin da kuke ji. Amma ina roƙonku kada ku yage.

Babu yajin da aka taɓa yi ba tare da wasu sun koma ba, kuma sanin su wane ne da dalilinsu yana cikin abin da ke bayyana yadda yajin ya ƙare. A Birtaniya, ƙungiyar UPW ƙarƙashin Tom Jackson ta fita yaji ranar 20 ga Janairu 1971 tana neman ƙarin kashi 15, hukuma ta tsaya a kan 8. Mako bakwai aka yi, ƙungiyar ba ta da asusun biyan masu yaji, sai ɗan tallafi ga waɗanda abin ya fi tsananta a kansu, kuma da yawa daga masu haɗa layin tarho sun ci gaba da aiki. A watan Maris aka koma ba tare da an sami abin da aka nema ba, kwamitin da aka kafa ya yanke kashi 9. Mai son ya fahimci wannan faɗuwa dole ya san wane sashe ne ya riƙe, wane ne ya sake, kuma a mako na nawa. In kowane sakatare ya yage nasa shafin, abin da zai rage labarin jarumta ne kawai, na baya kuma ba za su koyi yadda yunwa da bashi ke karya yaji ba.

Akwai hanyar da za ta kare mutuncin iyalan ba tare da an taɓa littafin ba. Gidajen adana takardu sun saba da wannan. A cikin yarjejeniyar da za ku sa wa hannu, ku sa sharaɗin a rufe waɗannan shafuka na wasu shekaru da ku za ku ƙayyade, talatin ko hamsin, ko kuma a bar mai bincike ya gani bisa alkawarin ba zai buga suna ba. Ku tabbata an rubuta sharaɗin, kada ku karɓi alkawarin baki, domin ma'aikacin da ya yi muku alkawari shi ma wata rana zai yi ritaya.

Sannan akwai abin da ku kaɗai za ku iya yi. Kun san mutanen nan. Kun san wanda matarsa ke kwance a asibiti a makon da ya koma, da wanda aka yi wa barazanar fitar da shi daga gidan ma'aikata, da wanda bai taɓa yarda da yajin ba tun farko kuma ya faɗa a gaban kowa. Ku zauna ku rubuta wannan a wata takarda daban, ko ku sa jika ya rubuta kuna faɗa, ku sa kwanan wata da hannu, a haɗa ta da littafin a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. In akwai wanda kuka ga daga baya an zalunce shi da aka sa sunansa, ku faɗi haka a ciki. Littafin kansa kuwa ku bar shi yadda yake, kada ku goge kuma kada ku ƙara komai a kan tsohon rubutun.